Ƙwaron Wake Ba Ta Ƙofa Yake Shiga Ba

A fadarmu, inda muke shan shayi bayan isha'i, an san ni da abu biyu: gardama da kwamfuta. Kwamfutar ba sabuwa ba ce. Wana ne ya sayo ta a Kano, ta hannu, ya more ta shekara uku, da ya samu wata sai ya bar mini. Windows 7 ce a cikinta, batirin bai wuce minti 40, amma a unguwarmu nan Madarunfa ta ishe ni in zama malami. Wanda wayarsa ta rikice ni yake nema. Wanda zai buga takardar neman aiki ni yake nema. Har a wannan ƙungiya tamu ta marubuta, don kwamfutar aka ba ni sakatare, ba don na fi kowa iya rubutu ba.

Lokacin da ta zo hannuna akwai antibirus a cikinta, irin na kyauta. Ya dame ni ƙwarai. In na kunna ta sai in dafa shayin farko kafin ta gama tashi, kuma da na jona ta da intanet ɗin wayata sai ya fara jan mega yana cewa zai sabunta kansa. Wanda ke sayen mega na dala 100 ya san zafin wannan. Ana haka na karanta wata muhawara da Faransanci, inda wasu masu ilimin kwamfuta ke cewa antibirus cinikin tsoro ne kawai. Hujjarsu: in katangar tsaron kwamfutarka tana aiki, wato abin da littattafan lakkol ke kira pare-feu, kuma kai mai hankali ne, ba ka shiga shafukan banza, ba ka latsa duk abin da aka turo maka, to babu ta inda cuta za ta shigo. Maganar ta yi mini daɗi, don ta yi daidai da abin da nake so in ji. A daren na cire shi.

Da na ba da labari a fada, wani abokina da ke gyaran waya a tasha ya ajiye kofinsa ya ce: "Kai, wanga abu da ka yi ganganci ne." Na ce masa: "Ni ban shiga inda bai dace ba, ban latsa abin da ban sani ba, katangata kuma a kulle take. Ta ina za ya shigo?" Bai iya ba ni amsa ba, aka yi masa dariya. Na ci gardama. Kusan shekara guda na yi haka, babu abin da ya faru, kullum ina ƙara yarda da kaina.

Sai ga 2023. Kowa ya tuna, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, a farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma mu nan jihar Maraɗi daga Katsina tamu ke zuwa. Wuta ta zama baƙuwa. Masu buga takardu da yawa suka rage aiki, sai ƴan tsirarun da ke da sola ko janareto, kowa ya koma can. Kwamfuta guda, kile ɗari a yini.

A wannan lokacin ne Yaya, ɗiyar baffana, take rubuta memuwar ɗinta na ƙare karatu a wata makaranta a Maraɗi. Bincikenta a kan matan da ke sana'ar kifi ne a bakin tafkin Madarunfa. Ta yi wata biyu tana bin su, da safe inda suke saye daga hannun masunta, da marece inda suke suya, tana tambaya tana rubutawa. Ba ta da kwamfuta. Duk ƙarshen mako sai ta zo gida da kilenta, ta zauna a zaurenmu ta buga a tawa, ta adana a cikin kilen, ta koma. Duk aikin a cikin wannan ɗan abu yake, wanda bai kai ɗan yatsa ba, ta ɗaura masa zare ta haɗa da makullin ɗakinta.

A watan Oktoba na kai nawa kilen wani shago a Maraɗi don a buga mana rubuce-rubucen ƙungiya. Na bi layi, aka buga, na biya, na hau mota na dawo. Da dare na sa kilen a kwamfutata, sai na ga kowane fishiye ya fito da wata ƴar kibiya a gefensa. Na ɗan yi mamaki. Na latsa ɗaya, ya buɗe lafiya lau, rubutuna yana nan. Na ce to, ba komi. Na rufe na kwanta.

Ranar Asabar Yaya ta zo kamar kullum, ta sa kilenta, ta yi aiki har batir ya mutu. Ranar Talata ta kira ni, muryarta na rawa. Ta je wani siber ta buga babi na uku don ta kai wa malaminta, an sa kilen, babu komi sai ƴan kibiyoyi, kuma ko ɗaya bai buɗewa. Yaron shagon ya ce mata: "Yaya, birus ya cinye komi, sai dai a fomate." Ta ce ya yi abin da ya ga ya dace. Ya fomate. Da yake kilen ya zama fanko, a ranar wata ƙawarta ta zuba mata darussa da hotunan wani biki har ya kusa cika. Sai bayan duk wannan ta tuna da ni, ko akwai saura a kwamfutata. Babu. Ban taɓa ce mata ta ajiye kwafi a can ba, ni malamin unguwa.

Abin da ya fi ci mini rai sai daga baya na gane shi: birus ɗin bai cinye komi ba. Irin wannan da muke kira birus rakursi ɓoye fishiye yake yi. Yakan sa musu alamar ɓoyewa, sa'an nan ya ajiye rakursi mai suna iri ɗaya a madadinsu. In ka latsa, abu biyu ke faruwa a lokaci guda: rubutunka ya buɗe don kada ka yi zargi, shi kuma ya kwafi kansa ya shige cikin kwamfutar, ya zauna a inda zai tashi duk lokacin da aka kunna ta. Daga nan duk kilen da aka sa ya kamu. Haka ya fito daga shagon Maraɗi ya shiga kilena, daga kilena ya shiga kwamfutata, daga kwamfutata ya shiga na Yaya. A siber ɗin da ta je, ga alama antibirus ɗinsu ya kashe birus ɗin, shi ya sa kibiyoyin suka daina buɗewa, amma aikinta yana nan a ɓoye. Da an nuna ɓoyayyun fishiye, ko an buga umarni layi guda mai suna attrib, da ya fito cikin minti ɗaya. Ko bayan fomatewar ma ana iya ceto wani abu, in ba a zuba sabo a kai ba. Hotunan biki suka binne shi.

Yaya ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi: "Ƙanena, ai na ɗauka wurinka ne ya fi ko'ina tsaro." Tana da littattafanta na hannu, don haka ba daga farko ta koma ba, amma shafi 50 da ƴan kai ne za ta sake bugawa, da jadawalin lissafin da ta yi kwanaki tana haɗawa, a lokacin da wuta ke zuwa awa biyu ta tafi. Ranar ajiye memuwar ta wuce ta. Abokan karatunta suka yi sutnans, ita ta je ta tafa musu.

Baffa, mahaifinta, ya riga ya ware wake buhu biyu da zai sayar don kuɗin bugawa da ɗaurin littafin. Da abin ya ɗage sai ya ce a adana waken. Na je taya shi, ina jin kunyar haɗa ido da shi. Muna zuba wake a buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, yana matse iska yana ɗaure kowane daban, sai ya ce in faɗa masa yadda abin ya faru, da Hausa, ba da Faransanci ba. Na yi masa bayanin katanga, na ce a kulle take, na ce ni ban shiga ko'ina ba. Ya saurara har na gama. Sai ya ɗebo wake a tafin hannunsa ya ce: "Ɗana, danga don awaki aka yi ta. Ƙwaron wake tun daga gona yake ciki, kai da kanka kake ɗauko shi a ka ka kai shi rumbu."

Gaskiya ya faɗa, har ta fuskar ilimi. Ƙwaron yana saka ƙwansa tun wake na gona, tsutsar ta shige cikin ƙwayar, ba ka ganinta. Shi ya sa wannan buhu, PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka kuma gwada shi tare da masu binciken INRAN a nan Maraɗi, ba hana shiga ne babban aikinsa ba. Toshe iska yake yi har abin da ya riga ya shiga ya mutu. Wannan ita ce amsar da abokina ya kasa ba ni a fada, sai ga ta a bakin tsohon da bai taɓa taɓa kwamfuta ba.

Katangar tsaro mai gadin ƙofar intanet ce. Tana duba abin da ke neman shigowa ta layi, ta tare wanda ba a gayyata ba. Aiki ne babba, kuma tun 2004 Microsoft ta sa ta Windows take zuwa a kunne. Amma ba ta leƙa cikin kile, ba ta leƙa cikin katin memori, kuma yadda take zuwa a saite, ba ta cika hana abin da ke ciki ya yi magana da waje ba. Ni ƙofar da nake gadi ba ita ce ƙofar da ake shiga gidana ba.

Wannan hanya kuwa tsohuwa ce. Birus na farko da ya yaɗu a irin kwamfutocinmu, Brain, wasu ƴan uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma ta faifan disket ya zaga duniya, hannu zuwa hannu, tun mutane ba su san intanet ba. A 2010 aka gano Stuxnet, wanda ya lalata injunan tace yuraniyom a Natanz ta Iran. Wurin ba a jone yake da intanet ba sam, kuma an gina birus ɗin ne yadda zai bi ta kile. In wurin da sojoji ke gadi bai tsira da katanga kaɗai ba, ina ga zaurenmu?

Saura maganar hankali. Har gobe ina cewa taka-tsantsan shi ne gaba da komi. Amma mutanen da na karanta muhawararsu, kowannensu yana da kwamfutarsa shi kaɗai, da injin bugawa a ɗakinsa, da intanet da ba ya ƙarewa, Windows ɗinsa na sabunta kanta yana barci. Hankalinsa ya ishe shi, ko kusan haka, don shi kaɗai ke shan ruwa da moɗarsa. Mu kuwa randar ƙofar gida ce, moɗa guda kowa ya sha. Kile ɗaya yana zuwa siber, ya je wurin mai fotokofi, ya je wurin mai tura fina-finai, ya je kwamfutar mushe, ya dawo. Ko da ni mai hankali ne, ba zan iya yi wa mutum 100 da suka riga ni a layi hankali ba. Kuma ko a can ɗin, hankali yana da iyaka. A 2017 ɓarayi suka cusa cuta a cikin CCleaner, manhajar share kwamfuta, a kan shafin kamfanin kansa, mutum fiye da miliyan 2 suka sauke. Waɗannan ba su shiga shafin banza ba. Inda ya dace suka je.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to shi ke nan, antibirus laya ce. Ba laya ba ce. Na farko, wanda ba a sabunta ba kusan ado ne, don sababbin cututtuka kullum fitowa suke, shi kuwa ya fi gane waɗanda aka nuna masa. Na sha ganin kwamfuta a shago da antibirus har biyu, dukansu sun shekara ba su ga intanet ba, suna faɗa da juna suna nauyaya inji. Na biyu, antibirus na sata, wanda aka fasa aka tura maka ta Xender, sau da yawa shi ne ma ɓarawon. Na uku, su kansu kamfanonin ba waliyyai ba ne: a 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Avast ta biya dala miliyan 16.5 na Amurka saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga. Na huɗu, akwai ramin da sabunta Windows ne kawai ke toshe shi. WannaCry ya kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017, har asibitocin Ingila suka dinga mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ramin tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha. Ita Windows 7 tawa, tun 14 ga Janairun 2020 aka daina yi mata gyara, ni ban ma sani ba ina ta cika baki. Windows 10 ma an rufe nata babin a 14 ga Oktoban 2025.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba su da kwamfuta, waya ce jarinsu. Labarin ɗaya ne. GB WhatsApp da wasannin da ake tura mana hannu da hannu ba ta Play Store suka biyo ba, babu wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma mu da kanmu muke latsa yarda mu ba su izinin ganin hotunanmu da saƙonninmu. Android tana da nata mai duba manhajoji, Play Protect, amma sau nawa muka kashe shi don ya hana mu saka abin da muke so? A gefe guda kuma, wanda ya kira ka ya ce ka ci kyauta, ka karanto masa lambar da aka turo maka, babu antibirus a duniya da zai tare shi. Nan hankalinka ne kawai. Kowane da aikinsa ke nan: danga don awaki, buhu don ƙwaro, ido don ɗan damfara. Kuskurena shi ne na ɗauka ɗaya zai yi aikin ukun.

Ga abin da nake yi yanzu, ko zai yi wa wani amfani. Na tara kuɗi aka ƙara wa kwamfutar ƙarfi aka sa mata Windows mafi sabunta da za ta iya ɗauka. Ban sayi antibirus ba. Tun daga Windows 8 a 2012 akwai cikakke a cikinta, Defender, kyauta, ya ishi irina in dai an bar shi a kunne. Sau ɗaya a mako nakan saya masa mega ya sabunta, kamar yadda nake sayen sukarin shayi. Duk kilen da ya kwana a waje, ko nawa ne, sai an bincike shi kafin a buɗe. In na ga ƴar kibiya a inda ban ajiye ta ba, ba na latsawa. In zan kai bugu, nakan tura ta WhatsApp ko imel in shagon na karɓa, in ba haka ba ina da kile na musamman don wannan, babu komi a ciki sai abin da za a buga. Abin da ya fi duka kuwa: duk rubutun da zan yi kuka in ya ɓace, yana wuri uku, a kwamfuta, a kile, da kuma imel da nake tura wa kaina. Shafi 100 na rubutu bai kai nauyin bidiyo ɗaya na TikTok ba. Da Yaya ta tura wa kanta memuwar ɗin ko sau ɗaya, da duk wannan labarin babu shi.

Kuma don Allah, ƴan uwa, in kilenku ya nuna fanko ko ya cika da kibiyoyi, kada ku yarda a fomate. Ku duba nauyinsa tukuna. In ya nuna akwai kaya a ciki alhali ba ku ganin komi, to aikinku yana nan, ɓoye shi aka yi. Ku cire shi, ku nemi wanda ya sani.

Yaya ta yi sutnans ɗinta bayan wata biyar. Ni na buga mata rabin shafukan da dare, tana karanto mini daga littafinta da fitilar waya. An sayar da waken Baffa a lokacin, ko ƙwaya ɗaya ba ta huje ba, har ya fi tsada. Abokina mai gyaran waya bai taɓa tuna mini da gardamarmu ba, sai dai duk ranar da na miƙa masa kile yakan riƙe shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, fada ta kwashe da dariya. Ina dariyar tare da su, na cancanta.

Wannan ɗan littafi da ke hannunku ma ta kile ya bi kafin ya kai wurin mai fotokofi. Da ya dawo na bincike shi. An samu biyu a ciki.